Yadda Ake Shawo Kan Maƙwabcin da Ya Tare Baranda da Kaya a Gidan Haya a Kumasi

Duk wanda ya zauna a gidan bene na haya a Asawase, Aboabo, Sawaba ko Sabon Zongo ya san cewa baranda da matakala ba sa daɗewa a buɗe. Da takalma da bokiti ɗaya ake farawa a bakin ƙofa, sai galan-galan na ruwa da ake kira galan Kufuor su biyo baya, sai kurfoti da buhun gawayi, sai turmi, sai tsohon firji da ya lalace tun shekarun dumsor, wato na yawan ɗauke wutar lantarki, amma mai shi bai fid da rai da gyaransa ba, daga ƙarshe kuma wani saurayi ya shigo da babur ɗinsa ya jingine a gindin matakala. Kafin shekara ta zagayo, hanyar da aka gina don mutum biyu su gitta juna ta koma sai an karkace ake wucewa. Kayan nan ba sa barin hanya don an ɗaga murya. Suna barinta ne idan an samo musu wani wurin zama, kuma aka mai da maganar ta gida gaba ɗaya maimakon rigimar mutum biyu.

Kafin ka buɗe baki, ya kamata ka san abin da ya fito da kayan waje, domin ba kasafai ake yin haka don neman fitina ba. Iyalin da ke da yara huɗu ko biyar a ciki da falo ba su da inda za su sa tukwane. Wadda take sayar da waakye ko koko da safe, manyan tukwanenta da rariyarta su ne jarinta, kuma ba za ta kai su nesa da idonta ba. Galan-galan suna nan ne saboda famfo yakan ɗauke ba sanarwa, babur kuwa tsoron ɓarayi ne ya hawo da shi baranda. Akwai kuma wani abu da mutane ke mantawa da shi. Ko da yake dokar haya ta Ghana ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba da ya wuce na wata 6, a aikace masu gidaje na karɓar na shekara ɗaya ko biyu, wanda ke nufin kai da maƙwabcinka kun riga kun biya, babu mai tashi nan kusa, kuma mai gida ya riga ya kashe kuɗin. Mutumin da za ka ci gaba da gaisawa da shi kowace asuba har shekara biyu, ba a fara masa da barazana.

Mataki na farko shi ne ka raba kayan gida biyu a zuciyarka: waɗanda ke ɓata maka rai kawai, da waɗanda za su iya kashe mutum. Takalman yara, tsintsiya da bokitin wanki suna cikin kashi na farko, kuma a ganina wanda ya tsaya a kansu zai ƙarar da mutuncinsa kafin ya iso kan abin da ya fi muhimmanci. Kashi na biyu shi ne tukunyar gas, babur mai fetur a tankinsa, janareta, galan ɗin fetur ko kalanzir, katifu da kwalaye da aka jibge kusa da inda ake hura gawayi, da duk wani abu da ya rage faɗin matakala.

Dalilin wannan rabo yana cikin ginin gidajenmu kansu. Galibin tagogi an datse su da ƙarfe saboda ɓarayi, kuma tsofaffin benaye da yawa matakala ɗaya ce ke gare su, don haka idan wuta ta tashi ƙofa da baranda ne kaɗai mafita. Hayaƙi sama yake bi, kuma ramin matakala shi ne hanyarsa, saboda haka babur da ya kama wuta a ƙasa yana rufe mafitar duk wanda ke hawa na biyu da na uku. Gas ɗin girki kuwa ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaye ba ya tashi ya ɓace, ƙasa yake kwanciya ya gangara matakala ya taru a lungu, yana jiran tartsatsin kurfoti ko na makunnin lantarki. Janareta da gawayin da ke ci a rufaffen wuri suna fitar da iskar guba da ba ta da wari ko launi. Mutanen Kumasi ba su manta gobarar da ta cinye shaguna a Adum a watan Maris na 2025 ba, don haka idan ka kawo maganar wuta babu wanda zai ce ƙirƙira kake yi.

Akwai ma'auni mai sauƙi da kowa zai yarda da shi ba tare da an ɗauko tef ba. Shin mutum biyu za su iya sauko da mara lafiya ko mace mai naƙuda cikin dare, an ɗauke wuta, ba tare da sun yi tuntuɓe ba? Shin makara za ta iya fita? Idan amsar a'a ce, hanya ta toshe, ko da mai kayan yana ganin tana nan. Sannan ka dubi bakin ƙofarka kafin ka dubi ta wani, ka shigar da duk abin da kake da shi a waje, domin tambayar farko da za a yi maka ita ce ta naka bokitin. Ka kuma bincika a hankali ko kayan na wane ne. Sau da yawa firjin da ake ta zargin wata da shi na wani ɗan haya ne da ya tashi tuntuni.

Ganawar farko ita ce ke yanke yadda sauran za su kasance. Ka zaɓi lokacin da mutum yake cikin natsuwa, bayan La'asar ko bayan Isha'i, kana kai kaɗai, ba gaban 'ya'yansa ko baƙinsa ba, kuma ba a lokacin da ka buge ƙafa da turminsa jini na zuba ba. Idan kayan na matar aure ne, ya fi dacewa matarka ko wata dattijuwar gidan ta yi mata magana, ko kai ka sami mijin. Namiji ya tsaya a ƙofar matar wani yana lissafa mata tukwane, wannan wata rigimar ce daban da ta fi ta baranda girma. Ga dattijuwa kana iya cewa: “Hajiya, barka da hutawa. Alfarma na zo nema. Idan aka ɗauke wuta Baba na sama yana shan wahalar wucewa ta nan, ina tsoron kada ya faɗi. Ko za ki yarda in turo yara mu gyara wa tukwanen nan wuri a can gefe?” Ga saurayi mai babur kuma: “Ƙanena, na san tsoron ɓarayi ne ya sa kake shigo da shi, kuma da gaskiyarka. Amma fetur a gindin matakala abin tsoro ne gare mu duka. Zo mu ga inda za a kafa ƙarfe a tsakar gida ka riƙa ɗaure shi da sarƙa.” A duka biyun ba a ambaci ƙazanta ba, ba a ambaci rashin hankali ba, kuma an zo da mafita a hannu. Abu ɗaya za ka roƙa a wannan zama, wanda ya fi haɗari, ka bar sauran zuwa wani lokaci.

Mafitar ce ainihin aikin, kuma a nan ne ya kamata ka kashe ƙarfinka, har ma da 'yan sidi kaɗan idan da hali. Kanta ta katako da kafinta zai kafa a jikin bango sama da kai tana ɗauke tukwane da bokitai daga ƙasa. Ƙarƙashin matakala na iya ɗaukar turmi da galan marasa komai, amma ban da gas, fetur ko katifa. Idan 'yan haya suka yi karo-karo suka sayi tankin roba ɗaya aka kafa a tsakar gida, rabin galan-galan za su ɓace da kansu. Tsohon firji, injin wanki da ƙarafan gado kuɗi ne a wurin masu sayen ƙarfe na Akwatia Line, kuma mutum ya fi saurin rabuwa da kayansa idan aka ce masa ga mai saye ya zo, fiye da idan aka ce ya zubar. Abin da ya rage wanda ba ya sayuwa, mai aboboyaa, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, zai kwashe shi zuwa bola a tafiya ɗaya. Tukunyar gas kuma wurinta shi ne inda iska ke ratsawa, a tsaye, nesa da kurfoti, ba a kan hanyar fita ba.

Kada ka taɓa kayan wani da hannunka ba da izininsa ba, ko da matsar da su kawai za ka yi, balle zubarwa. Ranar da ka yi haka, maganar ta tashi daga toshe hanya ta koma ɓatan kaya, kuma za ka iya samun kanka a ofishin 'yan sanda kana rantsuwa a kan tukunyar da ba ka taɓa gani ba. Kada ka sa hoton ƙofarsa a zauren WhatsApp na gida, kada ka bi ta habaici, kada kuma ka aiki yara da saƙon da kai ka kasa faɗa.

Idan mako biyu suka wuce ba a ga canji ba, ko kuma masu kayan sun fi mutum ɗaya, lokacin zaman gida ya yi. Kusan kowane gidan haya yana da zaman da ake yi don rabon kuɗin ruwa, shara da wankin banɗaki, kuma a nan ya kamata maganar ta shigo, a bakin wanda ya fi kowa daɗewa ko shekaru, ba a bakinka ba. Ka gana da mutum biyu ko uku tun kafin ranar domin kada ka zama kai kaɗai. A tsayar da ƙa'ida gajera da ta hau kan kowa: matakala ba a ajiye komai a kanta, gas da fetur da babur ba sa kwana a baranda, kowace ƙofa tana da ɗan wurin da aka yarda mata a jikin bango. Layin fenti a ƙasa yana kashe gardama fiye da dogon bayani, domin ko yaro yana ganin abin da ya tsallake shi. A sa ranar kwashe kaya, kuma makon da ke gaban Sallah ya fi kowane lokaci sauƙi tunda kowa na gyaran ɗaki. A kuma yi sassauci a fili ga suna, biki da zaman makoki, a ce kwana kaza ne, domin dokar da ta hana mutane jera kujeru ranar rasuwa ba za ta kai wata guda ba. A gidan da ake zaune da Asantawa, Dagwamba, Frafra da sauransu, a faɗi ƙa'idar da Hausa da Twi, a rubuta ta a manna, kada wani ya ɗauka ƙabilarsa aka nufa. Tunatar da jama'a cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce yana da amfani a irin wannan zama, muddin ba a kalli mutum ɗaya ana faɗa ba.

Wuri mafi wuya shi ne gidan gado, inda mai tare hanyar ɗan mai gida ne ko ƙanwarsa, wanda yake ganin barandar ta kakansa ce, kai kuwa baƙo ne mai biyan kuɗi. A nan zaman 'yan haya ba ya da ƙarfi, kuma mai kula da gida yakan yi shiru don kada ya rasa wurinsa. Sai a nemi babban gidan, wanda magada ke jin maganarsa, a je masa mutum biyu ko uku cikin ladabi, a nuna masa cewa gidan mahaifinsu ne zai ƙone idan abin ya faru. Idan bai motsa ba, limamin masallacin unguwa ko mai unguwa na ƙarƙashin Sarkin Zongo suna iya faɗa masa abin da ɗan haya ba zai iya ba, haka ma ɗan majalisar unguwa da aka zaɓa.

Hukuma ita ce zangon ƙarshe, kuma saboda kashi na biyu kaɗai, wato kayan da ke da haɗari, ya cancanci a kai can. Asawase, Aboabo da Sawaba suna ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong tun da aka cire ta daga ta birnin Kumasi a 2012, kuma ma'aikatan duba-gari na majalisar, waɗanda ake kira samansaman, suna da ikon shiga gida su ba da takardar gargaɗi a kan tarin shara da kayan da ke tara ɓeraye da sauro. Ka sani dai idan sun shigo ba ƙofa ɗaya za su duba ba, har da taka da banɗakin gida. Ofishin 'yan kwana-kwana yana da sashen rigakafin gobara da za a iya roƙo su zo su duba su yi wa jama'a bayani, kuma maganar mai kaki takan shiga inda taka ta kasa. Ofishin kula da haya na Kumasi yana sauraron ƙorafi tsakanin mai gida da ɗan haya, dokar 1963 kuma ta lissafa damun maƙwabta cikin dalilan da mai gida zai iya neman a tashi ɗan haya, amma ta hanyar kotu, ba ta cire ƙofa ko watsar da kaya waje ba. Kafin ka je ko'ina, ka riƙe kwanan watan kowace magana da aka yi, hoton hanyar da ba a nuna fuskar kowa ba, da sa hannun sauran 'yan haya.

Ana cikin wannan duka, idan ka ji warin gas a baranda, kada ka kunna ko kashe makunnin lantarki, kada a kunna ashana, a rufe kan tukunyar idan ana iya isa gare ta, a buɗe ƙofofi, a fitar da mutane, sannan a kira 192 ko 112 daga waje. Wanda kuma yake neman ɗaki yanzu, ya je ya ga gidan da dare bayan kowa ya dawo da babur ɗinsa da kayan sana'arsa, ya hau matakalar ya sauko, sannan ya yanke shawarar biyan kuɗin gaba.