Yadda Ake Haɗa Rediyo da Kwamfuta Domin Fara Sadarwa ta FT8

Mai rediyon sha'awa da ya riga ya mallaki lasisi da lambar kira ba ya bukatar sayen manhaja kafin ya shiga sadarwar dijital, domin manyan manhajojin wannan fage buɗaɗɗu ne, kowa yana iya sauke su kyauta, ya duba yadda aka rubuta su, har ya yi gyara. Wadda ta fi dacewa a fara da ita, a ganina, ita ce WSJT-X, wadda Joe Taylor, masanin fiziks da ya samu kyautar Nobel a 1993, ya jagoranci rubutawa. A 2017 aka ƙara mata tsarin FT8, mai iya tsamo saƙo daga siginar da kunne ba ya ji saboda rauninta.

Kafin ka taɓa rediyo, daidaita agogon kwamfutarka da na intanet. Tashoshi suna karɓa-karɓa ne duk daƙiƙa 15, wannan ta aika, waccan ta saurara, saboda haka idan agogonka ya kauce da fiye da daƙiƙa biyu, za ka ga sigina cike da allo amma saƙonni su ƙi fitowa. Wannan ne ya fi wahalar da sababbin shiga.

Daga nan sai haɗi. Ana bukatar hanyar sauti mai shiga da fita, da kuma hanyar da kwamfuta za ta riƙa sarrafa rediyon. Yawancin sababbin rediyo kebul ɗin USB guda ya ishe su, tsofaffi kuwa sai an sa ƙaramar na'urar haɗi a tsakani. A shafin saiti na WSJT-X, rubuta lambar kiranka da lambar yankinka ta tsarin Maidenhead, wato haruffa da lambobin da ke nuna inda kake a taswirar duniya, sannan ka zaɓi samfurin rediyonka. Manhajar Hamlib ce ke aikin sarrafa rediyon a ƙarƙashi, kuma dole saurin bayanan da ka zaɓa ya zo daidai da wanda ke cikin rediyon, in ba haka ba maɓallin gwajin haɗi da ke shafin saitin ba zai koma kore ba.

Sai ka juya zuwa megahaz 14.074 a zangon mita 20, ka daidaita ƙarfin sautin shiga ya tsaya wajen desibel 30 lokacin da babu komai sai shuu, ka saurara tukuna har ka gane yadda ake kira da amsawa.

Wajen aikawa ne ake son taka-tsantsan. Faɗin siginar FT8 haz 50 ne kacal, kuma tashoshi da yawa suna cunkushe a wuri ɗaya, don haka sautin da ya yi yawa zai gurɓata siginarka ta fantsama kan maƙwabta. Rage shi har ma'aunin ALC na rediyon, mai nuna yadda yake danne sautin da ya yi yawa, ya kusa daina motsi, ka kashe sautukan sanarwar kwamfuta kada su bi iska. Rage ƙarfin rediyon ma, domin yana aikawa kusan daƙiƙa 13 babu tsayawa, kuma yana ɗaukar zafi. Shafin PSK Reporter zai nuna maka a taswira tashoshin da suka ji ka.

WSJT-X tana adana kowace tuntuɓa a fayil na ADIF, tsarin ajiye bayanan tuntuɓa, wanda CQRLOG, manhajar rajistar tuntuɓa, ke karantawa a kan Linux. Saƙon da za ka rubuta da kanka a FT8 ba ya wuce haruffa 13, saboda haka idan doguwar hira kake so, sauke manhajar Fldigi ka gwada PSK31 ko Olivia, tsare-tsaren hira ta rubutu, da wannan haɗin da ka riga ka yi.