Kurakuran da ɗalibai ke yawan yi a kan jijiyoyin kai

Jijiyoyi 12 masu ɗaukar saƙon ji da na motsi ne ke ratsa ramukan ƙoƙon kai, kowace da ta hagu da ta dama, kuma ana kiran kowace da lambarta. Wannan lissafi na wani Bajamushe ne, Samuel Sömmerring, tun 1778. Kafin shi, a 1664, likitan Ingila Thomas Willis 9 ya ƙirga. Ɗalibin likitanci ko na jinya yakan haddace su a jere kamar karatun allo, ranar jarrabawa ya zubo su tiryan-tiryan. Amma a tsayar da shi gaban majiyyaci mai karkataccen baki, a ce wace jijiya ce ta taɓu, sai ya yi tsuru-tsuru. Hadda ba ta gaya maka wacce ke ji, wacce ke motsawa, kuma a nan mafi yawan kurakurai suke.

Na farko, ɗora komai na fuska a kan jijiya ta 7. Ita ke motsa tsokokin murmushi da ɓata rai da rufe ido, gaskiya ne. Amma jin taɓi da zafi da ciwon haƙori aikin ta 5 ne, mai rassa uku: na goshi, na kunci, na muƙamuƙi. Tauna ma ta 5 ce. Gyaran mai sauƙi ne: shafa kuncinka ka ce biyar, yi murmushi ka ce bakwai, cije haƙora ka koma biyar. Akwai wani tarkon kusa da nan. Ta 7 tana ratsa ƙullin yawun da ke gaban kunne, wanda ke kumbura in an kamu da hangum, har ma a cikinsa take rarrabuwa, amma ba ita ke sa shi fitar da yawu ba. Ta 9 ce.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne kasa bambance karkacewar baki iri biyu. A gida akan ce iska ce ta buge mutum, a nufi wurin mai magani. A asibiti kuma sabon ɗalibi ya yi saurin cewa shanyewar ɓarin jiki ce, ko ya ce ba komai, za ta warke. Duk ba a dubi goshi ba. Ka ce wa majiyyaci ya ɗaga gira. Idan ita kanta jijiya ta 7 ce ta lalace, kamar a ciwon da ake kira da sunan likita Charles Bell, rabin fuskar gaba ɗaya ke mutuwa: goshi ba ya tattarewa, ido ba ya rufuwa. Idan kuwa ɓarnar a can cikin ƙwaƙwalwa take, goshi yakan ci gaba da aiki, ƙasan fuska ne ke zubewa, domin tsokar goshi tana samun umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, ƙasan fuska kuwa daga ɓangare guda ne, na ɗaya gefen. Mai irin ta farko ya ga likita da wuri, don maganin ya fi tasiri cikin awa 72, a kuma kare idon kada ya bushe. Mai ta biyu, musamman in hannu ya saki ko magana ta sarƙe, ba a jira gari ya waye.

A ido, ɗalibai kan ba jijiya guda buɗewa da rufewa. Ta 3 ke ɗaga fatar ido, ta 7 ke rufe ta. Tsokoki 6 ke juya ƙwayar ido: jijiya ta 6 ke da tsokar da ke jan ta gefen kunne, ta 4 ke da wadda ke taimaka mata duban ƙasa in ta karkata wajen hanci, sauran huɗun na ta 3 ne. Shi ya sa mai matsalar ta 4 ke ganin abu biyu-biyu in yana saukowa daga bene.

Harshe ne ke kayar da mutane a jarrabawa, don jijiyoyi da yawa sun yi tarayya a kansa. Kashi biyu cikin uku na gaba, ɗanɗano na ta 7 ne, jin taɓi na ta 5. Kashi ɗaya na baya, ta 9 ke riƙe da duka biyun. Motsi na ta 12 ne, in ban da tsoka guda da ke hannun ta 10. Idan ta 12 ta lalace, harshen da aka zaro yana karkata wajen gefen da ya lalace, saboda lafiyayyar tsoka ce ke tura shi can. Beli akasin haka yake yi: in ta 10 ta taɓu, gefen lafiya yake nufa.

Sai zaton cewa jijiyoyin kai a kai suke ƙarewa. Ta 10 tana gangarawa har zuciya da huhu da hanji. Wani reshenta na hagu sai ya sauka ƙirji, ya zagayo ƙarƙashin babbar jijiyar jinin da ke fita daga zuciya, sannan ya hauro maƙogwaro ta bayan ƙullin da ke zama maƙoƙo. Wanda murya ta dashe masa bayan tiyatar maƙoƙo, wannan reshe ake fara tuhuma. Ta 11 kuwa daga laka ta wuya take tasowa, ta shiga ƙoƙon kai ta sake fitowa, ta bi gefen wuya dab da fata. Mai cire kaluluwa a wurin, in bai kula ba ya yanke ta, majiyyaci ya tashi kafaɗa ta zube, hannu ba ya ɗaguwa sama da kai.