Yadda ake tono tarihin ginin injiniyancin noma a jami'a

Kafin ka nemi ko takarda ɗaya, zagaya ginin da tef ɗin awo, da littafi, da wayar ɗaukar hoto. Auna faɗin ƙofofi. Wadda aka yi domin tarakta takan kai mita 3, kuma ko an toshe ta da bulo daga baya, za ka ga inda sabon siminti ya haɗu da tsoho. Duba daɓe: guntayen ƙarfe da suka leƙo daga kankare su ne shaidar inda aka girke inji, dogon rami kuwa na kanikawa ne. In akwai allon aza harsashi, kwafe rubutunsa harafi da harafi.

Sai takardu. Zanen gini yana sashen ayyuka, maganar kuɗi kuma tana cikin bayanan zaman majalisar gudanarwa. Tsofaffin ma'aikatan ɗakin gyaran injuna sun fi farfesoshi sanin ranar da aka rushe bango, amma duk shekarar da suka faɗa, a nemo mata takarda.

A wajen shekaru ne aka fi yin tuntuɓe. Ranar amincewa da kuɗi daban, ta aza harsashi daban, ta buɗewa daban, kuma sashe yakan girmi gininsa. Dubi Jami'ar Jihar Iowa a Amurka. J. B. Davidson ya fara jagorancin fannin injiniyancin noma a can a 1905, ginin da ya ɗauki sunansa an yi shi a 1922, gobara ta ci shi a 1941 aka sake gina shi, sunan Davidson Hall kuwa sai a 1975 aka raɗa masa. Wanda ya shiga tsofaffin fayiloli da wannan suna zai fito hannu rabbana. Don haka rubuta duk sunayen da ginin ya taɓa amsawa, ka bi kowanne.

Haka abin yake a Samaru, inda binciken noma ya fara a 1922, shekara 40 kafin kafa Jami'ar Ahmadu Bello. Takardun ginin da ya riga 1962, a neme su cikin fayilolin Ma'aikatar Gona ta Arewa a ɗakin adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

Tsohon zane kada a ninke shi, kada a manna masa salatif, domin gam ɗinsa yana ɓata takarda. A shimfiɗa shi a tebur, a aza rula a gefe, sannan a ɗauki hoto daga sama.