Yadda Ake Zaɓen Bindigar Farauta Mai Baki Ɗaya Mai Sauƙin Kuɗi

Bindiga mai baki ɗaya, wadda ake karyawa a tsakiya a zura mata harsashi guda sannan a rufe, ita ce mafi arha cikin bindigogin farauta da masana'antu ke ƙerawa, kuma arhar ta samo asali ne daga ƙarancin sassanta. Bututu ɗaya gare ta, kunama ɗaya, da maƙalar da ke haɗa bututun da ƙota, saboda haka abin da zai lalace a jikinta bai taka kara ya karya ba. Sai dai mai ƙaramin ƙarfi sau da yawa tsohuwa yake samu, wadda ta ratsa hannuwa biyu ko uku kafin ta iso gare shi, kuma a nan ne ake tafka asara, domin tsohuwar bindiga tana iya sheƙi a waje alhali cikinta ya gama ruɓewa.

Tun kafin a je ga ƙarfe, sai an fara da takarda. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai waɗanda aka haramta wa farar hula, akwai na amfanin kai kamar bindigogin farauta na masana'anta, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sannan akwai na ɗurin baki irin su adaka da harba-ka-ruga, waɗanda kwamishinan 'yan sandan jiha yake kula da izininsu. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai larurar gani, da wanda aka taɓa samu da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka wuce. A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sanda ta dakatar da bayar da sababbin lasisi saboda halin tsaro, don haka wajibi ne mutum ya fara zuwa hedikwatar jiharsa ya ji matsayin da ake ciki kafin ya ba kowa ko sisin kwabo. Idan hanya ta buɗe, daga dillali mai rajista ake saye, kuma lambar da aka buga a jikin bindigar dole ta zo daidai da wadda ke kan takarda. Duk bindigar da aka goge lambarta, a bar ta inda aka same ta komai arharta.

Tambaya ta gaba ita ce me za a farauta, domin amsar ce take raba tsakanin iri biyu da mutane kan haɗa su da suna ɗaya. Iri na farko cikin bututunsa sumul yake, kuma harsashinsa yana ɗauke da ƙwayoyin dalma masu yawa da suke bazuwa idan sun fita. Wannan ita ce bindigar zabo da fakara da zomo da hasbiya, kuma iyakar inda take kisa da tabbaci bai wuce mita 35 zuwa 40 ba. Iri na biyu, wanda Turawa ke kira raifil, an zana masa layuka masu murɗewa a cikin bututu, suna juya ƙwaya ɗaya tilo don ta tafi nesa a miƙe. A ra'ayina, manomin da yake fita bayan girbi neman zabi, ko yake kare gonarsa daga gyazbi da gafiya, ya fi dacewa da iri na farko. Dazuzzukanmu ba kango ba ne, akwai makiyaya da masu itace da yara masu kiwo a cikinsu, kuma ko ƙaramar ƙwayar raifil ta farauta, wato .22 (lambar faɗinta ce a inci), tana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi idan ta kuskure abin da aka auna.

Wanda duk da haka yake son raifil, saboda yana farauta a fili inda naman daji ba ya bari a matso shi, ya lura da wani sharaɗi da ke cikin dokar. An sanya raifil masu faɗin baki milimita 7.62 da inci .303 cikin makaman soja da aka haramta, kuma sanannen harsashin farautar nan .308 faɗinsa ɗaya da 7.62. Ga ƙananan dabbobi .22 ta wadatar a tazarar mita 50 zuwa 70, harsashinta ya fi kowanne arha, kuma ba ta dukan kafaɗa. Amma a tabbatar akwai dillalin da ke kawo harsashin ta halastacciyar hanya, domin raifil da babu abincinta sanda ce kawai mai nauyi.

Ga mai watsa ƙwayoyi kuwa, lamba 12 ita ce ta fi yawa a ƙasashenmu, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓarta. Asalin lambar shi ne, idan aka mulmula dalma daidai faɗin bututun, guda goma sha biyu ne za su cika nauyin fam ɗaya, wato faɗin ya kai kimanin milimita 18.5. Akwai lamba 16 da lamba 20 waɗanda suka fi ta sauƙin duka, sai dai neman harsashinsu wahala ne. Abin da mutane da yawa ba sa dubawa shi ne tsawon gurbin harsashi, wanda ake bugawa a gindin bututu kamar haka: 12/70 ko 12/76. Lambar ta biyu milimita ce, kuma tana nufin tsawon kwanson bayan ya buɗe. Bindiga mai 76 tana cin harsashi na 70 ba matsala, amma mai 70 kada a kuskura a ba ta na 76, ko da ya shige ya rufu, domin bakin kwanson ba zai sami wurin buɗewa ba, ƙarfin albarushi ya taru fiye da abin da aka gina ƙarfen ya ɗauka. Wasu tsofaffin bindigogin Ingila gurbinsu 65 ne kacal, ga su da kyan gani, amma yawancin harsasan da ke kasuwa yau sun fi ƙarfinsu. Haka nan kada a taɓa haɗa harsashin lamba 20 da na 12 a jaka ɗaya, saboda ƙaramin yana zamewa ya maƙale a cikin bututu, mutum ya zaci babu komai ya ƙara wani a bayansa.

Game da maƙera, wadda ta fi suna a wannan aji ita ce Baikal ƙirar IZH-18, da ake yi a birnin Izhevsk na Rasha tun 1964, wadda daga baya aka sauya mata suna zuwa MP-18. Nauyinta bai kai kilo uku ba, ana buɗe ta da wani ɗan ƙarfe da ke bayan kunama, kuma ta yi suna wajen jure ƙura da wahala, ko da yake aikin katakonta ba na ado ba ne. Akwai kuma Rossi ta Barazil, da Harrington & Richardson ta Amurka, da ire-iren da Turkiyya ke fitarwa masu arha. Suna dai alama ce kawai, domin ana buga sunayen bogi a jikin ƙirar gida. Abin nema shi ne tambarin gwaji da ake bugawa a ƙarƙashin gindin bututu, shaidar cewa an harba bindigar da harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi kuma ta jure. Ina girmama maƙeranmu da suka gaji ƙera adaka kaka da kakanni, amma bindigar da aka haɗa da bututun famfo don ta ci harsashin zamani ba ta da wannan gwaji, doka ma ba ta san da ita ba, kuma yatsun mafarauta da dama sun tafi ta wannan hanya.

Duba tsohuwar bindiga yana bukatar rana tsaka da natsuwa. A fara karya ta a tabbatar babu komai a ciki, kuma ko mai sayarwa ya rantse cewa wofi ce, a duba da ido. Sannan a cire katakon gaba, a raba bututun da ƙota, a zura tsumma a share mai, domin wasu kan malala mai da gangan ya rufe ramukan tsatsa. A ɗaga bututun wajen haske a leƙa ta gindi, sannan ta baki. Lafiyayyen bututu yana nuna zobban haske a jere, kowanne da'ira cikakkiya, kuma inda zoben ya karkace ko aka ga baƙar inuwa ta kewaye, akwai kumburi ko loɓawa a wurin. A shafa yatsu a waje daga gindi har baki a hankali, domin hannu yana jin tudun da ido bai gani ba. Ɗigon tsatsa marar zurfi ana iya zama da shi a rage kuɗi, amma rami mai zurfi kusa da gurbin harsashi, ko kumburi ko ina yake, ya kashe ciniki.

Na fara sanin kumburin bututu ne a hannun wani dattijon maharbi a ƙauyenmu. Ya ɗauko wata bindiga da ya rataye a bango, ya kama yatsana ya ɗora kamar taƙi ɗaya daga bakinta, inda ƙarfen ya tashi kamar an haɗiye goro. Na ce, "Baba, me ya same ta haka?" Ya ce, "Zanzaro ne, ɗana. Damina guda ta yi a rataye, ya shiga ya yi gininsa na laka, ni kuma na fita ban leƙa ba." Allah ya kiyaye bututun bai tsage ba, amma tun ranar bai sake harba ta ba, kuma kowace bindiga ya ajiye sai ya ɗaure bakinta da ƙyalle.

Bayan bututu sai maƙala. A mayar da bututun a rufe ba tare da katakon gaba ba, a riƙe ƙota a girgiza hagu da dama. Idan aka ji ƙas-ƙas ko motsi, maƙalar ta ci, kuma gyaranta aikin ƙwararre ne da zai iya kusan kai kuɗin bindigar. A ɗaga ta wajen haske a duba ko ana hango rana tsakanin gindin bututu da fuskar ƙarfen da yake jingina da ita, domin bai kamata a ga komai ba. Sannan, bindiga tana wofi kuma bakinta na kallon inda babu kowa, a ɗana ta, a buga gindinta a ƙasa sau biyu ko uku da matsakaicin ƙarfi. Idan ta saki da kanta, haƙoran kunama sun ci, kuma irin wannan ce take tashi idan mutum ya yi tuntuɓe a daji. A gwada maɓallin tsaro a ga ko yana hana kunama motsi da gaske. A duba allurar da ke dukan gindin harsashi, kanta ya zama a mulmule ba a karye ba, a kuma duba wuyan ƙota inda hannun dama ke kamawa, saboda nan katako yake fara tsagewa, kuma nan ake naɗe roba ko fata don ɓoye tsagar.

Dacewa da jiki ba ƙaramin abu ba ne ga bindigar da dama ɗaya take bayarwa. A rufe ido, a ɗora ta a kafaɗa kamar za a harba, sannan a buɗe. Idan idon dama ya faɗa daidai kan bututu yana kallon ɗan ƙullin saiti da ke baki, ta dace. Idan sai an miƙa wuya ko an lanƙwasa kai, ƙotar ta yi tsawo ko gajarta, kuma gajeriya ta fi sauƙin gyara, tunda ana iya ƙara mata roba a gindi. Robar tana da wani amfanin, domin bindiga marar nauyi ta fi mai nauyi dukan kafaɗa, kuma wanda ya fara tsoron dukan yakan runtse ido kafin ya ja kunama.

A lissafin kuɗi, kada a tsaya ga farashin bindigar kaɗai. Akwai kuɗin lasisi da sabunta shi, da izinin farauta na ma'aikatar gandun daji ta jiha, da mai da sandar sharewa, da akwati mai kwaɗo inda yara ba sa kaiwa, sannan harsashi, wanda cikin 'yan shekaru kuɗinsa kan zarce na bindigar. Ƙananan ƙwayoyi masu lamba 5 ko 6 (wannan lambar girman ƙwaya ce, ba ta bututu ba) sun dace da fakara da zomo, lamba 4 ta fi dacewa da zabo mai taurin gashi, manya irin su BB kuwa ba na ƙananan tsuntsaye ba ne. Lasisin bindiga kuma bai buɗe wa kowa gandun dajin Yankari ko Kamuku ko Gashaka-Gumti ba, kuma dabbobin da suka yi ƙaranci suna ƙarƙashin kariyar dokar kare namun daji masu fuskantar ƙarewa ta 1985.

Idan mai sayarwa ya yarda, kuma akwai wurin da doka ta amince, gwajin ƙarshe shi ne na kwali. A samu babban kwali a zana masa da'ira mai faɗin santimita 76, a kafa shi gaban tudun ƙasa a tazarar mita 35, a auna tsakiya a harba da irin harsashin da za a riƙa amfani da shi. Bututu mai matsattsen baki yakan zuba kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyinsa a cikin da'irar. A lura ko taron ƙwayoyin ya karkata gefe ɗaya, ko akwai fili a tsakiya da zabo zai iya wucewa ta ciki lafiya. Daga nan a ciro kwanson a juya shi a hannu: idan ya fita cikin sauƙi, bai kumbura ba, bai tsage ba, kuma tabon allura yana tsakiyar gindinsa da zurfi daidai, to ana iya zama a yi maganar farashi.