Yadda mazaunin Kanada zai zaɓi asusun ETF don kada jarinsa ya taru wuri ɗaya

A 'yan shekarun nan matasa da dama daga Garwa, Marwa, Ngaundare, Kusiri da Injamena sun tafi Kanada karatu ko aiki, da yawansu a lardin Kebek saboda Faransancin da suka tashi da shi. Idan sun biya haya sun aiko da na gida, abin da ya rage yakan kwanta a banki tsadar kaya na zaizayar sa, ko kuma ma'aikacin banki ya shigar da su asusun haɗakar jari mai tsadar la'ada ba tare da sun san akwai wanda ya fi shi sauƙi ba. Wannan bayani dominsu ne, da kuma iyaye da yayyen da ake bugo wa waya ana neman shawararsu.

Asusun ETF, wanda masu Faransanci ke kira FNB, tarin hannayen jarin kamfanoni ne masu yawa da aka haɗa wuri ɗaya aka yanka kaso-kaso, ana saye da sayar da kowane kaso a kasuwar hannun jari. Ya yi kama da watanda: ba ka da ƙarfin sayen sa kai kaɗai, amma idan ka shiga kaso ɗaya za ka samu tsoka da hanta da ƙashi daidai gwargwadon kuɗinka. A Toronto aka fara wannan tsari a shekarar 1990, kuma a yau irin waɗannan asusu a Kanada sun yi yawan da zaɓi kansa ya zama aiki.

Kafin ka duba sunan kowane asusu, ka fara lissafa abin da ka riga ka mallaka. Albashinka da dalar Kanada ake biya, fanshonka ma can yake, in ka sayi gida shi ma can ne. A gida kuma wataƙila kana da fili a Garwa, ko shanu a hannun ƙanen mahaifinka, ko jari a shagon wani ɗan'uwa, duka da kuɗin sefa, wanda aka ɗaure shi da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Rabin arzikinka kenan ya rataya ga tattalin arzikin Kanada, ɗaya rabin ga damina da kasuwar gida. Amfanin ETF a wurinka shi ne ya kai kuɗinka wuraren da waɗannan biyun ba su kai ba. Sannan ka ware kuɗin da ka san za a nema: na azumi da layya, na makarantar ƙannenka, na asibitin tsofaffi, na tikitin zuwa gida idan an yi rasuwa. Wannan kuɗi ba ya shiga kasuwar hannun jari ko kaɗan. Tsakanin Fabrairu da Maris na 2020 kasuwannin Toronto da na Amurka sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na darajarsu a cikin makonni kaɗan, kuma wanda larura ta tilasta wa sayarwa a lokacin shi ne ya tafka asarar da waɗanda suka iya jira suka tsallake. Kuɗin da za ka iya kawar da kai daga gare shi shekara biyar ko fiye, shi kaɗai ya cancanci wannan kasuwa.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci, shi ne duba abin da ke cikin asusun. Kasuwar Kanada kusan kashi 3 cikin ɗari ce kawai ta darajar hannayen jarin duniya, kuma bankuna da kamfanonin inshora, man fetur da ma'adinai ne suka cinye fiye da rabinta. A shekarar 2000 kamfani ɗaya, Nortel, ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na darajar babban ma'aunin kasuwar Toronto, wato jerin kamfanonin da ake auna hawa da saukar kasuwar da su, kuma zuwa 2009 ya durƙushe. Mutanen da suke zaton sun rarraba jarinsu domin sun sayi "kasuwar Kanada" gaba ɗaya sun ji jiki. Saboda haka jari mai faɗi yakan tsaya a kan ƙafa huɗu: Kanada, ta asusu irin XIC ko VCN (gajerun sunayen da ake sayen asusun da su a kasuwa), Amurka, ta irin VFV ko ZSP, sauran ƙasashe masu arziki na Turai da Japan da Ostireliya, ta irin XEF, sai ƙasashe masu tasowa kamar Indiya, Sin da Burazil, ta irin XEC ko VEE.

Yawan asusu ba shi ne rarraba jari ba, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Wanda ya sayi VFV da ZSP da XUS yana ganin ya mallaki abu uku, alhali dukansu ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin Amurka suke bi, kamfanoni ɗaya ya saya sau uku. Kowane asusu yana da gajeriyar takardar bayani da doka ta wajabta a ba mai saye, wadda ake kira ETF Facts da Turanci, Aperçu du FNB da Faransanci. A ciki za ka ga manyan jari goma da asusun ya riƙe, da yadda aka raba kuɗin, da la'adar shekara, da asara mafi muni da ya taɓa yi cikin wata uku. Ka jera takardun asusun biyu gefe da gefe. Idan sunayen Apple, Microsoft da Nvidia ne a saman kowacce, ɗaya ya ishe ka.

Wanda ba ya son wahalar haɗa huɗun nan da kansa yana da hanya mai sauƙi. Tun 2018 kamfanin Vanguard ya fito da asusu masu haɗa komai cikin kaso ɗaya, iShares da BMO ma suna da irinsu. VBAL ya ƙunshi kashi 60 hannun jari da kashi 40 takardun lamuni (bashin da ake ba gwamnati ko kamfani), VGRO kashi 80 da 20, VEQT da XEQT kuwa hannun jari ne zalla na dubban kamfanoni a faɗin duniya, inda Kanada ke da wajen kashi 25 zuwa 30. Asusun ne ke daidaita kansa idan wani ɓangare ya rinjayi wani. Ga ma'aikacin da ke tashi da asuba ya dawo da dare, ɗaya daga cikinsu ya wadatar.

Sai la'ada, wadda ake rubutawa MER ko RFG. Asusun haɗakar jari da bankuna ke tallatawa sukan ci kusan kashi 2 cikin ɗari kowace shekara, waɗannan masu haɗa komai kuwa ba su wuce 0.25 ba. A baki bambancin ƙarami ne, amma ga misali domin kwatance kawai: dalar Kanada 10,000 da ke ƙaruwa da kashi 6 a shekara kafin a cire la'ada za ta zama kusan 26,700 bayan shekara 25 idan ana cire kashi 2, ta zama kusan 40,000 idan 0.25 ake cirewa. Ba wanda zai iya yi maka alkawarin riba, la'ada kuwa tabbas ce, ko kasuwa ta hau ko ta faɗi.

Akwai tambayar da mafi yawanmu ba za su tsallake ba, kuma bai kamata a tsallake ta ba: shin halal ne? Takardun lamuni kuɗin ruwa ne tsantsa, don haka VBAL da VGRO da asusun takardun lamuni zalla irin ZAG sun fita ga wanda ke kiyaye wannan. Ko VEQT da XEQT ma cike suke da bankuna, har da kamfanonin giya da caca. A 2021 aka buɗe asusun WSHR na Wealthsimple, wanda ke bin wani ma'aunin Dow Jones na Musulunci. Ana cire kamfanonin da sana'arsu haramun ce, sannan a cire waɗanda bashin ruwa ya yi musu yawa, inda aka saba sa iyaka a kusan kashi ɗaya cikin uku na darajar kamfani. La'adarsa ta kai wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kamfanoninsa ba su kai na sauran yawa ba, kuma ƙasashe masu arziki kaɗai ya ƙunsa. A kasuwar Amurka akwai SPUS da HLAL, da SPSK na takardun sukuk, wato makwafin takardun lamuni a tsarin Musulunci, amma da dalar Amurka ake sayen su, kuma dillalai da dama sukan ci kusan kashi 1.5 wajen canji. Ko a waɗannan asusu akan samu ɗan abin da ya gauraya da riba, wanda ake lissafawa a fitar sadaka domin tsarkake sauran, kuma zakka tana nan a kan jarin. Malamai sun yi saɓani kan yadda ake ƙidaya ta a hannun jari, don haka ka kai takardar asusun gaban malamin da ya san harkar kuɗin zamani, ya gani da idonsa kafin ya ba ka fatawa.

Bayan ka zaɓi asusun, sai inda za ka ajiye shi. A asusun ajiya na TFSA, wato CELI da Faransanci, ribar da ka samu ba ta da haraji. Iyakar zubi a 2025 dala 7,000 ce. Sabon zuwa ya yi hattara: damarsa tana fara taruwa ne daga shekarar da ya zama mazaunin Kanada, ba daga 2009 da aka kafa tsarin ba, kuma duk abin da ya wuce iyaka ana cin tarar kashi 1 cikin ɗari a kansa kowane wata. RRSP, wato REER, asusun ajiyar ritaya, yana rage harajin bana a biya idan an zo cirewa, kuma ya fi amfani ga mai albashi mai kauri. Mai niyyar sayen gidansa na farko yana da FHSA, dala 8,000 a shekara har zuwa 40,000. Amurka tana yanke kashi 15 cikin ɗari na rabon ribar kamfanoninta, kuma a cikin waɗannan asusun ajiya ba a tsira daga wannan sai idan asusun na kasuwar Amurka ne kuma yana cikin RRSP. Wani abin da 'yan'uwanmu ke mantawa shi ne takardar T1135: idan kuɗin da ka kashe wajen mallakar kadarori a wajen Kanada ya wuce dala 100,000, dole ka sanar da hukumar haraji, kuma gidan haya a Marwa ko Injamena yana cikin lissafi, ban da wanda ka ajiye domin zaman kanka.

Sayen kansa ba wuya. Ka buɗe asusu wurin dillalin da ke ƙarƙashin hukumar CIRO mai sa ido a kan dillalai kuma yake cikin asusun kariya na CIPF, wanda ke biyan har dala miliyan ɗaya idan dillali ya karye, ko da yake ba ya biyan asarar faɗuwar kasuwa. Kasuwar Toronto tana buɗewa ƙarfe 9:30 ta tashi ƙarfe 4 na yamma. Ka bar mintunan farko da na ƙarshe su wuce, ka kuma rubuta farashin da ba za ka wuce ba maimakon ka ce a saya ko nawa ne. Asusu masu alkawarin ninka motsin kasuwa na kowace rana sau biyu na 'yan ciniki ne, mai ajiya ya nisance su. Ka sa a riƙa cire wani abu daga albashi kowane wata, ka duba rabon jarinka sau ɗaya a shekara.

Idan kuma niyyarka komawa gida ce wata rana, ka shirya tun kafin ka ɗaure kaya. Za ka iya barin TFSA ɗinka a buɗe, amma duk abin da ka zuba bayan ka daina zama a Kanada yana jawo tarar kashi 1 a wata. Jarin da ke asusu na gama-gari, wato wanda ba TFSA ko RRSP ko FHSA ba, ana ɗaukar sa kamar ka sayar ranar da ka bar ƙasar, a nemi harajin ribarsa. Abin da ka cira daga RRSP kana Garwa ko Injamena a ƙa'ida ana yanke masa kashi 25 cikin ɗari, kuma wasu dillalai ba sa barin wanda ba mazauni ba ya ci gaba da saye. Ka tambayi dillalinka a rubuce, ka zauna da masanin haraji a shekarar da ta gabaci tafiyarka, domin waɗannan abubuwa sun fi sauƙin gyarawa kana can.