Kurakuran da ake ta maimaitawa wurin gyaran ɗakin ƙaramin yaro

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya. Duk gidan da na shiga barka ko yini, daga unguwar Mabera har Arkilla a nan Sakkwato, sai a ce Anti zo ki ga ɗakin Abba, in leƙa in tarar an gyara ɗaki don baƙi da hoton sitatus, an manta yaro ɗan shekara 2 ne zai kwana ciki, wanda aikinsa kenan hawa da ja da sa abu a baki.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne wadurob ko durowa mai tsayi da ba a kafe ta da bango ba. Ɗiyata tana da shekara 2 da wata 4 na ɗora 'yar tsanarta saman durowa don ɗakin ya yi tsaf, ina kicin na ji wata ƙara da har gobe ba ta bar kunnena ba, ashe ta jawo aljihun ƙasa ta taka, ta jawo na biyu ta taka kamar tsani, nauyi ya rinjayo gaba durowar ta kife mata. Karaya a hannu, ɗinki 5 a goshi, sati 6 muna zaryar asibiti. Kuma don Allah kar wata ta ce min ai tawa mai nauyi ce ba ta motsi, nauyin nan shi ne masifar ai, da zarar an buɗe aljihu biyu an taka ta tafi. Ki kira kafinta ya huda bango ya kafe ta da ƙarfen nan mai lanƙwasa da sukurori, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Kaya masu nauyi su koma ƙasa, sama kuwa kar ki ajiye komai da zai ja idon yaro. Talabijin ma a bango, ba kan tebur ba. Ni yanzu duk ɗakin da na shiga sai na girgiza wadurob da hannuna, mai jin haushi ta ji.

Sai kafet daga bango zuwa bango. Haba 'yar uwa, a Sakkwato? Kin manta ƙurar hunturu ta Disamba da Janairu da ko an rufe taga sai ta shigo? Na shimfiɗa mai laushi mai tsada, hunturu guda yarinya ta yi tana tari cikin dare, ga fitsari tunda lokacin muke koyon fo, ga kunu da ya zube, warin nan ba turaren wutar da bai gaza ba. Ranar da muka naɗe shi ƙasar da ke ƙarƙashi ta kusa cika kwano. Ni dai leda nake sawa, na fi son ta da tayil don tayil in ya jiƙe santsi gare shi, sai 'yar darduma da zan wanke in shanya, ranar garin nan kafin la'asar ta bushe.

Fenti kuma a daina shafa na mai yau a kwantar da yaro jibi. Wasu fentin mai akwai dalma ciki, irin gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a maƙwabtanmu Zamfara a 2010, can daga haƙar zinari ta fito amma gubar ɗaya ce, kuma yaro yana ɓantarar fenti ya ci. Na ruwa nake saye, in bar tagogi buɗe sati guda.

Gado kar ya jingina da bangon yamma, a Afrilu zafi na wuce digiri 40, bangon ya sha ranar yamma sai cikin dare ya riƙa sakinta kan yaro. Kuma katifa a ƙasa ta wadatar, gadon nan mai siffar mota faɗowa kawai ake yi daga kansa.

Ƙugiyar rataya gidan sauro a fara bugawa kafin kowane ado, na sha ganin ɗaki an liƙa taurari a silin amma ba inda za a ɗaura net. Maganin sauro na kunnawa kusa da labule gobara ce. Igiyar labule a ɗaure ta sama inda wuyan yaro ba ya kaiwa. Fanka ta tsaye a fitar, a sa ta bango ko ta sama. Soket na ƙasa a toshe, wayar caja a ɗauke. Tedi goma kan gado ƙura suke tarawa, biyu sun isa.

Idan kin gama, ki durƙusa ki zagaye ɗakin da rarrafe, duk abin da hannunki ya kai daga nan ki ja shi da ƙarfi ki gani.