Yadda zaka kalli tseren ninkaya na mita 100 na maza har ka gane me ake ciki

Abin da yake bani haushi duk lokacin da aka sako ninkaya a talabijin shine sai kaji mutane suna cewa ai ba wani abu bane, ƙarti takwas ne suka faɗa ruwa suna ta fantsama, kafin ka ce kwabo an gama. Eh an gama da wuri kam, tseren mita 100 na maza baya kai minti ɗaya, amma cikin sakan arba'in da 'yan kan nan akwai aiki sosai, kuma in ka san inda zaka kafa idonka wallahi daɗinsa baya misaltuwa. Zan ɗauki fainal ɗin Olamfik na Paris 2024 a matsayin abin koyo, wanda akayi ranar 31 ga Yuli a La Défense Arena, saboda bidiyon yana nan a YouTube, sai ka buɗe shi a gefe kana dubawa.

Tun kafin su shiga ruwa ka fara da duba layin kowa. Kwamin tsawonsa mita 50 ne, kenan mita 100 zuwa ɗaya ne da dawowa ɗaya, juyi guda tal. Ba haka kawai ake raba layuka ba, wanda yafi kowa sauri a zagayen kusa da na ƙarshe shi ake ba layi na 4, na biyu ya samu na 5, sai 3, sai 6, haka har a kai 1 da 8 can gefe. To in ka ga mutum a layi na 4 ka san shine ake tsoro a daren. A Paris Pan Zhanle na China ne a wurin, yaro ɗan shekara 19, duk da cewa a zagayen share fage da ƙyar ya sha, 48.40 yayi, saura kaɗan ya rasa shiga cikin mutum 16 da suke wucewa gaba. Shi yasa bana so mutum ya yanke hukunci da tseren safe, manyan suna ɓoye ƙarfinsu ne, wani lokacin kuma ɓoyewar ta kusa cinye su.

Sunan tseren firisitayil, wato kowa yayi salon da ya ga dama, doka bata hana ka yin iyon baya ko na kwaɗo ba. Amma ba wanda zai yi, kowa rub da ciki yake yana wurga hannu ɗaya bayan ɗaya ƙafafu na bugun ruwa, domin shi yafi sauri nesa ba kusa ba.

Yanzu tashi. Za'a busa usur mai tsawo su hau dakalin tashi, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya tana dafe da wani ɗan tudu, a ce musu su shirya, kowa ya daskare, sai ƙara ta tashi. A nan babu afuwa, in ka motsa ka riga ƙarar sau ɗaya an kore ka, shekara huɗu na wahala ta tafi kenan. Kar ka ɓata lokaci wajen neman wanda ya riga barin dakali, bambancin ɗan ƙanƙani ne ido baya kama shi. Ka jira ka ga abin da zai faru a ƙarƙashin ruwa, nan ne yawancin masu kallo suke asara. Mutum yana shiga ruwa zai miƙe sambal hannuwa a haɗe a gaban kai, ya haɗe ƙafafu yana kaɗa su tare kamar wutsiyar kifi, kuma a wannan lokacin yana gudun da ba zai ƙara samun irinsa ba a duk tseren, saboda ƙarfin tsallen yana tare da shi sannan a ƙasa babu igiyar ruwan da zata tare shi. Doka ta ce dole kansa ya fito kafin ya wuce mita 15, akwai alama a jikin igiyar da ta raba layuka. Ka lura da wanda ya ɓullo a gaba a daidai wurin nan, sau da yawa shi zai ja ragamar zuwan farko. Caeleb Dressel na Amurka, wanda yaci zinare a Tokyo da 47.02, gwanin wannan fanni ne, yana fitowa zaka ga ya riga ya tsere wa mutane.

Mu da muka koyi iyo a rafi ko a kududdufi mun saba kai a sama muna kallon gaba, su kuwa fuska na cikin ruwa, in zasu shaƙi iska sai su ɗan karkata kai gefe kawai rabin fuska bata ma fito ba. Ɗaga kai yana nutsar da ƙugu, ƙugu ya nutse gudu ya ragu. Ka duba gefen da mutum yake numfashi ma, domin a zuwa yana ganin na damansa a dawowa kuma sai ya koma yana ganin ɗaya ɓangaren, akwai wanda aka wuce shi ta inda baya kallo bai sani ba.

Juyi kuma ba tsayawa ake a dafa bango ba. Yana isowa zai yi alkafura a cikin ruwan ya doki bango da tafin ƙafafu biyu ya harba kansa baya, ya sake samun damar mita 15 a ƙasa. A nan allon talabijin zai nuno maka lokacin mita 50 na farko, kuma wannan lambar ita ce mabuɗin gane tseren gaba ɗaya, don Allah kar ka bari ta wuce ka. Pan ya juya a 22.28, ya dawo a 24.12, jimla 46.40. Dawowa kullum tafi zuwa jinkiri, na farko babu tsallen dakali, na biyu jiki ya fara ƙonewa, to abin tambaya shine da nawa ta fi jinkiri. Akwai masu fita da wuta su ƙare a galabaice, akwai masu haƙuri su zo daga baya. Kyle Chalmers na Ostireliya shine misalin na biyun, a Rio 2016 shine na bakwai a juyi amma ya zo ya cinye zinaren da 47.58 yana ɗan shekara 18, saboda haka in ka ganshi a baya a mita 50 kar ka cire shi a lissafi. Abin da ya sa na Pan ya girgiza mutane shine ya fita a gaba kuma ya ƙi gajiya, ya haɗa biyun a jiki ɗaya.

Mita 15 na ƙarshe ni a nan nake tashi tsaye. Hannu ya yi nauyi, ƙafa ta fara mutuwa, da yawa suna daina numfashi gaba ɗaya su duƙar da kai su tafi. Kuma ba alƙali bane yake yanke hukunci da ido, akwai faifai a jikin bango mai aiki da lantarki, na kamfanin Omega, dole ka taɓa shi da ɗan ƙarfi kafin agogonka ya tsaya, ana kuma lissafi har kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Wanda ya iso da hannu a miƙe daidai lokacin da ya dace zai iya doke wanda ya riga shi isowa amma hannunsa na sama. A Landan 2012 Nathan Adrian ya doke James Magnussen da 47.52 da 47.53, a Paris ma Chalmers ya ɗauki azurfa da 47.48, David Popovici na Romaniya ya tsira da tagulla da 47.49. Kar ka yarda da idonka, ka jira allo.

Ka dubi waɗannan lambobin ka kwatanta da 46.40, tazarar sakan 1.08 tsakanin na ɗaya da na biyu, a tseren da aka saba rabuwa da tsawon farce. Kusan tsawon mutum guda ya basu. Kuma fa duk satin ana ta ƙorafin cewa kwamin Paris bashi da zurfi sosai, mita 2.15 ne, igiyar ruwa na dukan ƙasa tana dawowa tana rage gudu, sai ga yaro ya zo ya karya tarihin duniya a ciki, wanda dama nasa ne, 46.80 da yayi a Doha a watan Fabrairu na shekarar.

In kana so lokutan su riƙa yi maka ma'ana ka riƙe 'yan kaɗan a ka. Johnny Weissmuller ne ya fara sauka ƙasa da minti ɗaya a 1922. Sai 1976 a Montreal Jim Montgomery ya fasa sakan 50 da 49.99. César Cielo na Burazil yayi 46.91 a birnin Rum na Italiya a 2009, lokacin ana saka wasu riguna masu kamar roba da suke taimakawa jiki ya taso saman ruwa, aka hana su daga 2010, yanzu namiji wando kawai yake sawa daga cibiya zuwa gwiwa. Wannan lokacin na Cielo ya zauna shekara 13 ba wanda ya taɓa shi sai da Popovici yayi 46.86 a 2022, a Rum ɗin dai, yana ɗan shekara 17. In an zana wani layi yana tafiya a saman ruwa a talabijin, to gudun tarihin duniya ne ake nuna maka, ka duba ko hannun na gaba ya wuce shi.

Shawarata ka kalli bidiyon Paris ɗin sau uku. Na farko ka kalla kawai ka ji daɗinka, na biyu ka zubawa layi na 4 ido shi kaɗai daga dakali har bango ka ƙirga sau nawa ya juyo da kai ya shaƙi iska, na uku ka rage gudun bidiyon a saitin YouTube ka bar Pan ya tafi abinsa, ka tsaya kan Chalmers da Popovici a mita biyar na ƙarshe, inda igiyar layi ta koma ja, ka gwada ko zaka iya faɗin wanda ya riga taɓa bango kafin allo ya nuna.